Keken da ke Gidan Kaji

Abin ya faro ne a teburin mai shayi, bakin kara, ranar kasuwa. Shitu dillalin shanu ya kai hannun hagu zai ɗauki kofi, sai hannun ya ƙi zuwa. Yana kallonsa, nasa ne dai, ga zoben azurfarsa, ga tabon da wani bijimi ya bar masa tun yana saurayi, amma ya aike shi ya ƙi. Kofin ya kife, shayi ya bi masa gaban riga. Aka yi dariya, shi ma ya yi, sai dai ya ji dariyar tana fita ta gefe guda na bakinsa.

To, Shitu ba baƙon tsoro ba ne. Ya sha kwana a bayan tirela tsakanin ƙahoni a hanyar kudu, an taɓa tare su an kwantar da su rub-da-ciki a kan kwalta. Amma bai taɓa jin abin da ya ji a wannan hantsi ba, dalilin kuwa yana kwance a gida. Yayansa Rufa'i ne, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekarun baya. Mutumin da in ya yi tsawa a kara har shanu sai sun waiwaya, yau sai an juya shi, sai an share masa yawu, sai an ɗaga shi an sa masa fo. Kullum da safe Shitu kan shiga ya gaishe shi, kullum kuma idon Rufa'i kan bi shi har ƙofa, yana son magana, harshe ya ƙi.

Hannun ya dawo kafin azahar, amma bai dawo duka ba. Shitu ya ce wa matarsa Asabe za shi ta'aziyya, ya hau mota sai wani asibiti a Kano. Likitar yarinya ce, sa'ar 'yarsa. Ta gwada jininsa, ta sake gwadawa, sannan ta sa shi ya miƙe hannuwa biyu gaba ya rufe ido. Da ya buɗe, ya tarar na hagu ya sauka ƙasa shi kaɗai, bai ma ji ba.

"Baba, hawan jini ne, kuma ya ɗan taɓa ka," in ji ta. "Wannan karon ƙofa ya ƙwanƙwasa. In ya dawo, ba zai yi sallama ba."

Ta ba shi ƙwayoyi, ta raba shi da gishiri da kitse da tsiren yamma. Ta ce kuma lallai kullum ya motsa jiki har gumi ya keto masa.

"Akwai gidan motsa jiki a wajenku?"

"Akwai gona."

"Kana noma?"

"Ina sawa a yi."

Ta girgiza kai. "To nemi inda ake yi. Ko keke ka samu ka riƙa takawa. Akwai ma wata aba da ake kira yoga, miƙe-miƙe ne da jan numfashi." Ta nuna masa a wayarta, wasu mutane ne a kan tabarmi, sun kifa kai ƙasa sun ɗaga ɗuwawu sama. Shitu ya kau da fuska ya yi a'uziyya a ransa. Amma ya gani, kuma bai manta ba.

Da farko ya ɗauka abin mai sauƙi ne, ai tafiya ce, ƙafa kuwa tasa ce. Ashe a garinsu Ƙafin Maiyaki dattijo ba ya sauri a banza. Bai kai ƙarshen layinsu ba ɗan achaɓa ya ci burki: "Baba, hau in ƙarasa da kai." Ya ce a'a, na gaba ya tsaya. Wani ya tambaya ko mashin ɗinsa ne ya lalace. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam Shitu, lafiya? Wa ya rasu?" Gudu kuwa ba a ma maganarsa. A wannan zamani da ɓarayin daji ke ɗaukar mutane, in aka ga mai furfura ya sheƙa, kasuwa gaba ɗaya za ta watse kafin a tambayi abin da ya koro shi. Ga kuma sana'a, ba mai damƙa igiyar bijiminsa ga dillalin da aka ce hannunsa ya mutu.

Sai babban abin, Kamilu. Kamilu shi ne shugaban 'yan sintirin garin, shi ke kuma auren Bushra, 'yar farin Shitu. Ka dai san yadda abin yake. Ita kanta Shitu bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan", mijinta kuwa "yaron nan". In Kamilu ya hango shi, tun daga nesa zai cire takalmi ya durƙusa, kai a ƙasa, a gaisa a gajarce kowa ya kama gabansa. Ba su taɓa haɗa ido ba, ba su taɓa haɗa hannu ba, ba su taɓa cin abinci a inuwa ɗaya ba. A ce Kamilu ya ji surukinsa yana tsalle-tsalle da gajeren wando? Shitu ko tunanin abin ya yi sai ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

Saboda haka ya shiga nema a ɓoye, ya fake da cewa shanu yake dubawa. A Tudun Wada aka kwatanta masa wani masauki da aka ce yana da ɗakin ƙarafa. Ya tarar da mai gadi yana shanya barkono a tsakar gidan, masaukin ya daɗe da rufewa, baƙi sun daina kwana a hanya. A Bebeji wani mai cajin waya ya ce da akwai wata malama mai koyar da yogar nan, amma mata zalla, kuma ta bi mijinta Kaduna. A Doguwa da ya yi tambaya a tasha, suka dube shi tun daga hula har takalmi, wani ya ce, "Alhaji, mu nan yunwa ce ke motsa mana jiki, kuma kyauta take yi." A Kiru ne ya ga allo, an zana wani ƙato da ƙwanji kamar tulu, fentin duk ya koɗe. Ya yi maza ya leƙa ciki. Buhunan taki ne har rufi.

Mai takin ne ya haɗa shi da Maikano, wanda ya buɗe wurin tun farko. Ƙato ne, ya yi zaman Kano ya dawo da ƙarafansa da burinsa, yanzu achaɓa yake yi.

"Baba, wanda bai karya ba ba ya ɗaga ƙarfe," in ji Maikano. "Samarin sun zo na ɗan lokaci, da kwanon masara ya tashi sai suka ɗauke ƙafa. Ga wuta babu. Injin gudun ma 'yan gwangwan na sayar wa. Abin da ya rage yana gidan kajin kawuna, hanyar Dangora. Shi ma ya tattara ya bar gonar tun da aka fara ɗaukar mutane."

Ya ɗauke shi ya kai shi. Damina ce, dawa ta fi mutum tsawo, ta rufe gidan ta kowane gefe. Daga bakin ƙofa akwai ɗan ɗakin mai gadi, sai fili da ciyawa ta cinye, sai dogon ɗakin kajin, rufin kwano, tagoginsa raga ce an toshe da tsofaffin buhuna. Warin kashin kaji bai gama fita ba. A ciki ga ƙarafa a jibge, ga tabarmar roba, ga kuma wani keke mai taya ɗaya, an kafe shi a ƙasa, komai takawarka ba inda zai kai ka.

Shitu ya tattare babbar riga zai hau, Maikano ya fashe da dariya.

"Haba Baba, da malum-malum? Sarƙa za ta cinye ta, ta haɗa da kai." Ya jefo masa wani jan gajeren wando da singileti. Ya nuna masa yadda ake takawa da yadda ake miƙe-miƙen tabarma, sannan ya miƙa masa makulli. "Riƙe. Ni ma Legas na nufa, garin nan ba ya riƙe mutum."

Haka Shitu ya samu wurinsa. Bayan azahar, lokacin da gari ya yi tsit, sai ya ƙulle wandon da singiletin da gorar ruwa da ɗan burodi a buhu, ya ɗaure a bayan mashin. In ya isa, ya tura mashin ɗin cikin dawa don kada a gani daga hanya. Rigarsa da wandonsa da hularsa kuwa a ɗakin mai gadi yake rataye su, saboda kada warin kaji ya kama su Asabe ta yi tambaya. Ranar farko ya sauko daga keken ƙafafunsa na rawa kamar na sabon maraƙi. Sannu a hankali abin ya zauna. Gumi ya riƙa ɗiga daga gemunsa har ya yi baƙin tabo a siminti ƙarƙashin keken. Har kifa kan nan ya riƙa yi, yana roƙon Allah kada ko ƙadangare ya gan shi. Hannun ya fara jin magana. Wata rana ya riƙe igiyar wani ɗan bijimi mai taurin kai da hagu, bai saki ba, ya ji kamar ya yi kuka don daɗi.

Sai aka ɗauke Alhaji Ismail, wani mai shanu a garin.

Da rana tsaka aka tare shi a hanyar gonarsa, kwana kaɗan bayan ya sayar da shanu a kara. Dillalin cinikin kuwa Shitu ne. Gari ya ɗauki zafi. Kowa ya san ɓarayin nan ba sa zuwa da ka, sai da ɗan gari mai ba su labari, wanda ake kira infoma, mai kai musu burodi da mai, mai nuna musu wanda ya samu. Kowa kuma ya san abin da ya sami Khalifa mai burodi bara. An gan shi yana yawan bin hanyar daji da kwali a bayan keke. Wata yamma samari suka shiga da shi daji ya nuna musu inda yake zuwa, suka dawo ba shi. Har yau uwarsa ba ta yarda a yi masa sadakar mamaci ba.

An aiko wa Shitu gargaɗi, sai daga baya ya ji yadda saƙon ya taso. Kamilu ya ce wa matarsa, "An ga Baba yana ɓoye mashin a dawa a hanyar Dangora, da buhu. Yarana sun fara magana, ni kuma ba ni da bakin tambayarsa. In da dalili, don Allah a faɗa tun da wuri." Bushra ta ji nauyin maganar, da ta je wurin uwarta sai ta ce ana ɗan surutu a kan fitar Baba. Asabe kuma da ta kawo tuwo ta durƙusa ta ce, "Malam, yarinyar nan ta zo. Wai mijinta ya ce a rage fita da rana, hanya ba kyau."

"Ki ce na gode, Allah ya yi albarka," in ji Shitu, ya ci gaba da cin tuwonsa marar gishiri.

Wanda ya fasa masa maganar Hamman ne, wani Bafulatani abokin cinikinsa tun suna samari. Ya ja shi bayan wata bishiyar ɗorawa a ƙarshen kara.

"Kaɗo, me kake kai wa gidan kajin nan?"

Shitu ya yi ƙasa da murya. "Wa ya ce ina zuwa?"

"Gari duka, sai kai kaɗai ba ka sani ba. Muzammil ƙanen Alhaji Ismail yana cikin 'yan sintiri, ya rantse a gaban mutane cewa kai ka sayar da yayansa. Ka san cinikin, kana jin Fulatanci, kana ɓoye mashin. Me ya rage?"

Shitu ya duba hagu da dama, ya sunkuyar da kai ya faɗa masa gaskiya. Hamman ya yi dariya har ya dafa sandarsa, hawaye na zuba. Sai kuma dariyar ta yanke kamar an ɗauke wuta.

"To ka faɗa musu, Hamman. Kai ka san ni."

"Ni? A wannan marrar? In na buɗe baki na ce kai mutumin kirki ne, wallahi na ƙarasa ka, na kuma bi ka. Je ka gaya wa surukinka da bakinka."

"Da wane bakin?"

"Da wanda kake cin tuwo, mana."

Bai je ba. Ya kira Maikano ya fi a ƙirga, wayar a kashe. Ya kai ƙofar gidan Kamilu sau ɗaya, ya ji muryarsa daga ciki, ƙafarsa ta juya da shi. Sai ya yanke shawarar da ya ga ta fi sauƙi, ya daina zuwa gidan kajin, ya zauna a gida a kan tabarma yana jan carbi, kowane mashin ya wuce sai gabansa ya faɗi. A masallaci ya lura sahun da yake tsayawa ya fara yin fili ta gefensa.

Jikin kuwa bai san da wannan lissafi ba. Kai ya fara sara masa ta ƙeya. Hannun ya koma nauyi. Wata safiya ya zo ɗaure zariyar wandonsa, yatsun hagu suka tsaya kamar na wani. Ya shiga gaida Rufa'i, ya tarar ƙuda ya sauka a gefen bakinsa, yana kallonsa, ba halin korewa. Shitu ya kore masa ƙudan, ya fito, ya ɗauki buhunsa. Wannan karon ko mashin bai ɗauka ba, ya bi ta cikin gonaki a ƙafa yana sanɗa, don kada a gan shi. Bai san cewa tun daga bayan gari ake biye da shi ba.

Yana kan keken, gumi ya fara keto masa, kan ya fara sakinsa, sai ya ji mashina. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Suka zo suka mutu a bakin ƙofa gaba ɗaya. Ya tsayar da ƙafa, tayar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai tana ƙara, ya kama ta da tafin hannu har ta ƙone shi. Ya leƙa ta hujin buhu. Samari ne cike da filin, da bindigogi ƙirar gida da adduna da gorori. Muzammil ya fito daga ɗakin mai gadi, ya sagalo babbar rigar Shitu a bakin bindiga.

"Ga rigarsa! Ga hularsa! Ya sake kaya, na daji ya sa!"

A bayansu, can gefe, Kamilu ne tsaye, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa.

"Wanda ke ciki ya fito!"

Shitu ya dubi kansa. Jan wando iya cinya, singileti ya jiƙe ya manne da tumbi, ƙafafu sirara duk furfura. Ka ga inda mutum yake wauta, mutuwa na bakin ƙofa, shi kuwa abin da ya fara zuwa masa shi ne yaron nan zai gan shi haka. Ya ja da baya ya laɓe a bayan tarin ƙarafa, ƙafarsa ta ture wani, ya faɗi a siminti da ƙara.

"Kun ji ƙarfe? Makamai ne! Suna da yawa!"

Bindiga ta tashi. Kwanon rufi ya yage, tsatsa da busasshen kashin kaji suka zubo masa a ka, haske ya shigo ta ƙananan huji. Kunnensa ya toshe. Ya ji wani yana cewa a kawo fetur, ya ji Kamilu yana cewa kada wanda ya kunna wuta, Alhaji zai iya kasancewa a ciki. Shitu ya yi kalmar shahada, ya miƙe, ya zare sakata, ya fito cikin rana hannuwansa a sama.

Ba wanda ya zaci abin da ya gani. Kamilu kuwa ido ɗaya ya yi masa, ya ga cinyoyin surukinsa a waje, sai jikinsa ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. Ya juya baya, ya fuskanci dawa, ya sunkuyar da kai.

Shi ke nan. Mutum ɗaya da zai iya tsawatarwa ya ba da ƙeya. Muzammil ya taho ya hankaɗa Shitu ƙasa, gwiwoyinsa suka daki tsakuwa.

"Ina yayana, tsohon banza? Nawa suka ba ka?"

"Ɗana, saurara, motsa jiki nake..."

"Motsa me? Ku ji fa! A daji, a ɓoye, ranar da ake neman mutum?" Ya ciro igiya daga ƙugunsa, irin wadda Shitu ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure shanu da ita. "Ku tashe shi. Mu shiga da shi ciki ya nuna mana inda suke."

Shitu ya san abin da ake nufi da shiga ciki. Ya dubi dawar nan da ba a ganin ƙarshenta, ya tuna Khalifa. Hannuwa suka kama shi ta kafaɗa. Ya dubi bayan nan da Kamilu ya juya masa, ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita, don tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Suka fara jan sa.

"Kamilu!"

Har samarin sai da suka tsaya. Kafaɗun Kamilu suka motsa, amma bai juyo ba.

"Kamilu mijin Bushra! Da kai nake. Juyo ka dube ni. Ni na ce ka duba, ba laifinka. In ka bari kunya ta kashe ni, me za ka ce wa 'ya'yanka?"

A hankali ya juyo. Idonsa ya yi ja. Karo na farko ke nan da suka kalli juna.

"Ku sake shi," in ji Kamilu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ba su saki ba. "Na ce ku sake shi!"

Shitu ya miƙe da ƙyar. "Abin da ya kwantar da Rufa'i ne ya taɓa ni. Na ɓoye don kada a ji a kara, don kada kai ka ji. Ku duba." Ya miƙa hannuwa biyu gaba. Rufe ido a gaban bakin bindiga ba ƙaramin abu ba ne, amma ya rufe. Yana jin numfashinsu, yana jin warin albarushi, yana jiran ƙarar da ba zai ji ƙarshenta ba. Sai ya ji wani ya ce, "Kai, ku ga hannun!" Ya buɗe, na hagu ya sauka har ƙugu.

"Dabara ce," in ji Muzammil. "Dillali ne fa, ƙarya sana'arsa ce."

"To zo ka kama, Kamilu. Kama dama tukuna."

Kamilu ya matso kamar mai taka ƙaya, ya ba shi hannu. Shitu ya matse da dama, matsar mutumin da ya saba da igiya, har Kamilu ya yamutse fuska. Sannan ya ba shi hagu, ya matse iya ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Yatsun suka kwanta a tafin Kamilu kamar jiƙaƙƙen tsumma. Kamilu ya daɗe riƙe da hannun.

Suka shiga ɗakin da bindigogi a gaba. Suka zazzage buhun, gorar ruwa ce da guntun burodi da ƙwayoyin asibiti. Suka ɗaga tabarma, suka ture ƙarafa, suka leƙa kowane lungu. Kamilu ya tsuguna ya dubi baƙin tabon da ke ƙarƙashin keken, ya dubi sirdin da ya lotsa. Shitu bai jira an ce masa ba, abin da ya rage masa na kunya ai ya riga ya zube a fili. Ya hau ya fara takawa, gwiwoyinsa na jini, tumbinsa na rawa, tayar na kuka. Wani saurayi ya toshe baki, dariyar ta ƙwace masa ta hanci. Sai na kusa da shi. Sai ɗakin ya ɗauka, irin dariyar mutanen da suka kusa aikata abin da ba ya gyaruwa.

Muzammil kaɗai bai yi ba. Ya zauna a bakin ƙofa, igiyar na hannunsa.

"To wa ya sayar da yayana?" in ji shi.

Dariyar ta mutu. Suka shiga satar kallon juna.

Kamilu ya je ya ɗauko babbar rigar daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya durƙusa ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu, kansa a ƙasa kamar kullum.

A ranar aka ɗora keken a kan amalanke aka shigo da shi gari, Kamilu ya ce ba mai sake zuwa gidan kajin nan. Aka kafe shi a zauren Shitu, daidai ƙofar ɗakin Rufa'i. Kafin magariba ba wanda bai ji labarin jan wando ba. Wasu masu shanu sun janye igiyarsu sun kai wa wani dillali, wasu sun tsaya. Alhaji Ismail ya dawo bayan danginsa sun sayar da gona, ya rame, ba ya son magana. Wanda ya nuna shi har yau ba a sani ba.

Yanzu kullum da hantsi Shitu kan hau kekensa, ƙofar zaure a buɗe, wanda zai kalla ya kalla. Rufa'i na kwance yana bin ƙafafunsa da ido, wani lokaci ya yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro da Asabe ta rantse dariya ce. In Kamilu ya zo wucewa, yakan cire takalmi ya durƙusa daga waje, ido a ƙasa, ya ce, "Baba, an taka yau?" Shitu ya ce, "Ana kai, yaron nan."

Sai dai in uwar Khalifa ta bi ta layin da tallan ƙuli-ƙulinta, Shitu kan rasa inda zai sa idonsa, yana tunanin ko me ɗan nata yake kaiwa a kwalinsa, ko wa yake jin kunya. In kuma ya ji mashina sun taho da yawa a tare, ƙafafunsa kan tsaya cak a kan feda, tayar ta yi ta juyawa ita kaɗai, har sai sun wuce.